Kafin Ki Zauna a Bakin Akwatin Zaɓe

Agege, Legas.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan mota ta sauke ki lafiya, kin sami masauki mai tsaro da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare mini ke a garin da ba ki da kowa, Ya sa mutanensa su karɓe ki da hannu biyu, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki kuma suna gaishe ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan waya ta ishe mu. Magana ce da na kasa yi miki baki da baki. Ranar da kika dawo daga sansanin horo kika ce an shaida muku ku 'yan bautar ƙasa na bana za a ba aikin rumfunan zaɓe idan babban zaɓe ya zo, Babanki ya yi ta murna, yana cewa yau ga 'yar mahauci za ta riƙe amanar ƙasa. Ni kuwa na miƙe na koma wajen girki. Kin biyo ni kin tambaya, na ce miki albasa ce. Kin san ba albasa ba ce, kika yi mini kara kika ƙyale ni.

Wani ɓangare na abin da zan rubuta kin gani da idonki, amma gani ne na yaro. Yanzu da za a damƙa miki akwati da ƙuri'un mutane, gara ki ji shi daga farko, kuma daga bakina.

Goro ne ya kawo kakanki na wajena Agege. A nan ya yi aure, a nan aka haife ni, a bayan layin dogo, na koyi Yarbanci tare da Hausa. Amma idan muka je Kano biki sai a ce ga 'yan Ikko sun iso, idan muka dawo nan kuma a kira mu baƙi. Sai na taso ina ganin ni ba 'yar ko'ina ba ce, kuma duk abin da ya shafi gwamnati ba ruwana da shi. Ga shi a hannun soja muka yi wayo. Ba a tambayar kowa komai, sai dai a wayi gari a ji sabuwar murya a rediyo tana cewa kowa ya zauna a gida.

Da mulki ya dawo hannun farar hula ina goyon yayanki. Aka yi ta shela a masallatai da kasuwa cewa a je a yi rajista, ban je ba. Ranar zaɓe ranar ciniki ce a wurina. Babu motocin haya na danfo, babu baburan okada, titi fayau yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsa, ni kuma in kafa tanda kusa da masu bin layi in yi ta suyar waina har ƙullu ya ƙare. A raina har dariya nake yi musu, wai mutum ya ajiye sana'arsa ya shanya kansa a rana saboda wanda bai san da zamansa ba. Zaɓe ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, ina nan da tandata.

Damina ce ta koya mini hankali. Lambatun layinmu ya toshe, duk ruwan da aka yi sai ya shigo mana har ɗaki, mu kwashe katifu mu ɗora kan akwatuna. Da abin ya ishe mu, muka haɗu mu matan layi muka je wajen kansila. Mutumin bai wulaƙanta mu ba. Ya ba mu kujeru, ya sa aka kawo mana lemo, ya saurare mu har muka gama. Sannan cikin ladabi ya tambaya da Yarbanci, wai a cikinmu su wa ke da katin zaɓe. Hannuwan da suka tashi ba su cika benci ɗaya ba. Ya yi murmushi ya ce zai duba. Muka dawo, lambatu ya kwana a yadda yake har damina ta fita.

A cikin masu ɗaga hannun nan akwai Saratu, wadda kuke kira Maman Dauda. Kin san ta, amma ba ki san abin da take a wurina ba. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tela, ƙofar ɗakinta tana kallon tawa a gidan hayar da muka zauna. Ranar da naƙudarki ta tashi Babanki yana mayanka a Oko-Oba, ita ta tare mota ta kai ni asibiti, kuma hannunta ne ya fara karɓarki kafin nawa. A hanyar dawowa daga wajen kansila ba ta yi mini gori ba. Ta dai ce da ni ruwan da ya shiga ɗakina shi ya shiga nata, kuma ita kaɗai katinta ba zai kwashe shi ba. Da aka buɗe rajista ta zo ta tsaya a kaina har na sa mayafi. Ita ta goya ki a layi, ni ina riƙe da lema.

Abin da na gane a makare ke nan, Ummi. Zaɓe ba ya yin kyau a ƙasar da mutanenta suke ganin ba nasu ba ne. Mulkin nan da muke ciki yaro ne, bai kai ni shekaru ba, kuma ba zai tsaya da ƙafarsa ba idan rabinmu muna gefe muna kallo. A garin da kike za ki tarar da mata irina na wancan lokacin, masu cewa ba abin da ƙuri'a za ta canza. Kada ki raina su, kada ki yi musu lacca. Idan ɗaya ta yi ƙarfin hali ta zo gabanki a karon farko, tana riƙe da katin a juye, tana jin kunyar tambaya, ki nuna mata da sakin fuska. Yadda kika karɓe ta shi zai sa ta dawo wani zaɓen ko ta koma ga tandarta.

To, da na ɗanɗana sai na zarce. Kin san uwarki da baki. Ina Hausa, ina Yarbanci, ina Turancin kasuwa, ga shi duk matan da ke saye da sayarwa a bakin layin dogo sun san ni. Wani Alhaji Mudi, wanda shi ke riƙe da jam'iyya ɗaya a mazaɓarmu, ya aiko a kira ni, ya ce ni ce shugabar mata. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Aka soma ɗinka mana anko mai hoton ɗan takara, a cika danfo da mata mu tafi gangami muna waƙa, a kira sunana a lasifika jama'a su tafa. 'Yar mai goro da ake kira baƙuwa, ga ta a kujerar gaba.

A duk shekarun nan ban taɓa tambayar ɗan takara ko ɗaya me zai yi ba. Ko lambatun da ya kai ni siyasa na manta da shi. Abin da nake gaya wa mata kawai shi ne a zaɓi namu. Kuma ban lura da lokacin da kalmar nan ta ƙanƙance a bakina ba. Da, idan na ce namu, duk wanda ke ɗiban ruwa a rijiyar gidanmu nake nufi. Sai ga shi namu ya koma masu ɗaura atamfa irin tawa kaɗai.

Saratu ba 'yar kowace jam'iyya ba ce. Amma da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, na kai mata anko ta ɗinka mana, na kuma ce ga nata yadin kyauta, sai ta ce za ta ɗinka, amma ba za ta sa ba, domin ita ɗaya ɗan takarar take so. Ta fara gaya mini dalilanta, abubuwan da take ji daga 'yan'uwanta a gida da kuma abin da take gani a nan. Ban bari ta kai ƙarshe ba. Na tattara yadina na kai wa wani tela a cikin kasuwa. Daga ranar gaisuwarmu ta koma ta fatar baki. Na daina aika mata wainar Juma'a da na saba. Ke kuma na hana ki shiga ɗakinta kallon talabijin, kika yi kuka har kika ƙi cin abinci, kina tambayata laifin me ta yi. Sai na daka miki tsawa.

Babanki ya yi mini magana. Ya ce a mayanka sa ɗaya ake kayarwa, mai yankan yana wannan jam'iyya, mai fiɗar yana waccan, mai ɗaukar naman ma bai yarda da kowa ba, su yi musu har a gama raba nama, sannan su tafi masallaci sahu ɗaya ko su zauna shan shayi. Ya ce manyan da nake ɓata zumunci dominsu suna halartar bikin 'ya'yan juna. Na ce masa shi bai san siyasa ba.

Shi ya san ta, ni ce ban sani ba. Ma'anar a ce jam'iyyu da yawa ita ce maƙwabcinki zai zaɓi abin da ba ki zaɓa ba, kuma gobe ku tashi ku share tsakar gida ɗaya. Jam'iyya ba addini ba ce, ba dangi ba ce. Idan ta kai ga mutane sun ɗauki wanda ya saɓa musu a matsayin maƙiyi, to tun kafin a buɗe akwati zaɓen ya lalace, domin babu wanda zai yarda maƙiyinsa ya ci shi da gaskiya. Na san ke ma kina da wanda zuciyarki ta fi so, na sha jin kuna musu da yayanki. Ki bar shi a masauki ranar aiki. A teburin nan ba ki da naki.

Yanzu ga ranar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Rumfarmu a ƙofar makarantar firamare take. Wadda aka turo ta shugabanci aikin wata yarinya ce 'yar bautar ƙasa, siririya, da tabarau, kakinta ya yi mata yawa. Daga harshenta na gane daga gabas ta fito. Motar da ta kawo su da kayan aiki ta makara, don haka da faɗa aka tarbe ta. Ta shirya teburinta, ta ɗaga akwatin ta nuna wa kowa cewa babu komai a ciki, aka fara. Na'urar tantancewa ta yi ta ƙin yatsun tsofaffin matanmu, waɗanda wanki da daka suka cinye musu zanen hannu. Sai ta ciro hankici ta goge musu yatsa a hankali, ta sake gwadawa, tana ce musu Mama a yi haƙuri. Wuni guda ban ga ta sa komai a bakinta ba. Na dafo shinkafa a babbar kula, na zuba wa wakilin jam'iyyarmu da 'yan rakiyarsa, na rufe sauran a gabanta.

Wajen azahar na kawo wata ƙawata da katinta. Yarinyar ta duba, ta ce ba a nan aka yi mata rajista ba, rumfarta tana ƙetaren layin dogo. Gaskiya ta faɗa, kuma tafiyar ba ta da nisa. Amma matan da nake shugabanta suna kallona. Na matsa na ce a bar ta ta jefa a nan, ai duk ƙasa ɗaya ce. Na yi lallashi, na ambaci sunan Alhaji Mudi, na ɗaga murya. Ta ɗago ta dube ni, da 'yar Hausar da ta tsinta ta ce, "Mama, ba zan iya ba. Ki yi haƙuri." Ta kira na gaba. Na koma gefe ina jin kamar an mare ni a kasuwa.

Bayan la'asar aka fara ƙirga. A fili ta yi, a gaban kowa. Ta ɗaga kowace takarda sama, wakilai su gani, jama'a su amsa da baki ɗaya. Ina tsaye a sahun gaba, babu wadda ta wuce idona. Aka gama, ɗaya jam'iyyar ta fi mu da kaɗan. Wakilinmu ya sa hannu, domin shi ma ya gani. Na hango Saratu a can gefe, ba ta yi guɗa ba, ba ta ma dube ni ba, ta fara gyara ɗankwali za ta tafi gida.

Sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Mudi ne, yana tambaya yaya aka yi na bari aka ci mu a ƙofar gidana, bayan na yi masa alkawarin layin nan a hannuna yake. Kunya ta kama ni. Maimakon in ce masa mutane sun zaɓi abin da suke so, sai na ce yarinyar nan ce, ta hana mutanenmu jefa ƙuri'a. Da ƙarfi na faɗa, don na kusa su ji.

Mutum ɗaya ta hana, kuma bisa ƙa'ida. Amma kafin maganar ta kai tashar 'yan okada ta zama ta kori Hausawa daga layi. Kafin ta kai bakin layin dogo ta zama an canza akwati. Samari suka taho a guje, yawancinsu 'yan ci-rani ne sababbin zuwa, masu dako da masu turin baro, waɗanda ko kati ba su da shi a nan, sun dai ji an ce an zalunci nasu. Ɗan sanda ɗaya ne a wurin, ko sanda ba ya riƙe da ita. Aka kifar da tebur. Yarinyar ta rungume akwatin a ƙirjinta, aka fizge, aka buga shi da ƙasa, takardu suka watse cikin lambatu. Ban ga wanda ya yi jifa ba. Na dai ga tabaranta a ƙasa, jini yana bin gefen fuskarta.

Ina tsaye, Ummi. Ni kaɗai ce a wurin da za ta ɗaga murya ta ce ƙarya ne su saurara, domin sun san ni, daga bakina maganar ta fito. Bakina da ba ya shiru, ranar ya ƙi buɗuwa.

Saratu ce ta kutsa cikinsu. Ta kwance mayafin da ta yafa ta lulluɓe yarinyar, ta ja ta da gudu zuwa gidanmu, ta shigar da ita ɗakinta. Babanki ya tsaya a ƙofar gida, shi da limamin layi da wasu mahauta abokansa, na wannan jam'iyya da na waccan. Ya ce da samarin duk mai son shiga sai ya fara bi ta kansa, kuma shi ma namu ya zaɓa, a gabansa aka ƙirga, an ci mu ne. A hankali suka watse, wasu suna sunkuyar da kai.

Ku kuwa ina isowa gida na kulle ku a ɗaki, shi ya sa ba ki ga sauran ba. Na ɗebo ruwa a kofi na nufi ɗakin Saratu. Yarinyar tana zaune a ƙasa kusa da keken ɗinki, an danne mata goshi da ƙyalle, tana magana da uwarta a waya da yaren da ba na ji, sai dai kuka yare ɗaya ne. Tana ganina ta saki wayar ta maƙale a bayan Saratu. Saratu ta dube ni ta ce, "Lami, ajiye ruwan ki tafi. Tsoronki take ji."

Kafin magariba mota ta zo aka tafi da ita. Ban san sunanta ba, ban tambaya ba, har yau ban sani ba.

Aka soke zaɓen rumfarmu gaba ɗaya. Ƙuri'ar Saratu, da tawa, da ta tsofaffin da aka yi ta goge wa yatsa, duk sun bi ruwa. Bayan 'yan kwanaki aka bayyana sakamakon ƙasa, kuma namu ne ya ci. Ashe bai ma buƙatar layinmu. Aka kira ni walima, na je, na sa anko, aka yi ta yaba mini wai na tsaya wa jam'iyya. Na ci shinkafar wurin kamar yashi.

Ki saurare ni da kyau a nan. Na zauna na yi ta tunanin me ya sa zaɓe yake yin albarka a wani wuri ya zama masifa a wani. Ba na'ura ba ce, ko da yake tana taimakawa. Ba yawan jami'an tsaro ba ne. Abin da na gani shi ne, dole a sami wanda zai riƙe akwati ba tare da ya dubi fuskar kowa ba, a ƙirga a bainar jama'a, sannan a sami wanda zai faɗi ya ce na faɗi. Yarinyar nan ta sauke nata nauyin duka. Na ƙarshen shi ne nawa, kuma shi ya fi wuya, shi na kasa. Wanda yake ganin an cuce shi yana da hanyar kai ƙara, akwai kotu, akwai wakilai da suka sa hannu. Ni ba a cuce ni ba. Girman kai ne kawai ya hana ni ɗaukar kaye na wuni ɗaya, alhali wani zaɓen yana tafe.

Don haka idan kin zauna, ki yi komai a fili, ko da zai ɗauke ki lokaci. Ki ɗaga kowace takarda sama. Kada ki yarda a ja ki gefe a yi miki raɗa, ko da mai raɗar ya yi kama da Babanki. Kada ki ci abincin wata jam'iyya, ki tafi da burodinki da ruwanki. Kafin ranar, ki je ki gaida dattawan unguwar da aka ba ki, liman ne ko fasto ko mai unguwa, su san fuskarki, su san 'yar mutane ce. Idan kuma kika ga wuri ya fara yamutsewa, ranki ya fi akwati. Ki sake shi ki gudu. Ana sake zaɓe, ni kuwa ba ni da wata Ummi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Alhaji Mudi ya sami muƙami ya tashi daga Agege, wayarsa ta daina shiga. Ba a daɗe ba ya sauya sheƙa, yanzu shi da mutumin da muka riƙa zagi a waƙa bisa umarninsa suna jam'iyya ɗaya. Saratu ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Muna gaisawa, ta tambayi lafiyarku, amma ba ta sake zama a bakin ƙofata ana tsintar shinkafa ba. Da mijinta ya sami aikin gadi a Ketu suka tashi, ina ɗaki ina jin ana fitar da keken ɗinki, na kasa fitowa in kama mata ko kwano. Ba fushi ba ne, kunya ce, amma ita ba ta da hanyar sanin bambancin.

Zaɓen da ya biyo baya na ƙi fita. Na ajiye shugabancin mata, na ce na tuba da siyasa. Na ɗauka hakan shi ne gyara. Babanki ya ce wannan ma wani kuskuren ne, domin idan duk wanda ya yi hankali ya koma ɗaki, an bar wa marasa hankali layi. Na baya-bayan nan na fita. Na jefa ƙuri'ata, na tsaya aka ƙirga, aka sake cin wanda na zaɓa a rumfarmu. Na taka na je wajen matar da ke wakiltar ɗaya ɓangaren na ce mata barka. Ta yi mamaki, ni ma na yi mamakin yadda abin ba shi da nauyi. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta a wancan karon da ban rasa abin da na rasa ba.

Makon da ya wuce, kina kasuwa sayen kayan tafiya, na hau danfo na tafi Ketu. Na yi ta tambaya a bayan kasuwar kayan gwari har aka nuna mini gidan. Saratu ta tsufa fiye da ni, idonta ya yi rauni, ta daina ɗinki. Da murya ta gane ni. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, muka gaisa, ta tambayi kowa da sunansa. Na gaya mata an tura ki bautar ƙasa, kuma za a ba ki rumfa. Sai na fara ba ta haƙuri, ina ta kame-kame, hawaye ya hana ni jera magana. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Tsakanina da ke ya wuce tuntuni, Lami. Amma ba ni aka fasa wa goshi ba. Wadda za ki roƙa ba ta nan."

Gaskiya ta faɗa. Yarinyar tana can wani gari, wataƙila yanzu uwa ce, da tabo a goshi. Idan 'ya'yanta suka tambaye ta, ban san me take gaya musu game da mu ba, kuma duk abin da ta faɗa ba ta yi ƙarya ba. Ba ni da hanyar isa gare ta. Kullum ina sa ta a addu'a ba suna.

Da na tashi tafiya Saratu ta rako ni har bakin titi tana dafa kafaɗata. Ta ce in gaya miki tana da 'yar ƙanwa da ke aikin jinya a jihar da kike, za ta sa ta neme ki, kada ki ji kunyar zuwa gidanta. Idan ta kira ki, ki amsa da girmamawa, ki kuma kira Maman Dauda da kanki ki gaishe ta. Ta fi ni cancantar jin muryarki.

Idan wata mata sa'ata ta tsaya a gaban teburinki tana ɗaga murya, tana kiran sunan manya, ki ce mata a'a cikin ladabi, kuma kada ki janye. Kada ki tsane ta. Wataƙila ba muguwa ba ce, jama'arta ce ke kallonta.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki kula da abin da kike ci, kada ki yi tafiya ke kaɗai a inda ba ki sani ba. Allah Ya tsare ki, ke da duk 'ya'yan mutane da za su zauna a bakin akwati ranar, na kudu da na arewa. Ya sanyaya zukatan waɗanda za su faɗi, Ya ba waɗanda za su ci tsoronSa, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, Ya dawo mini da ke cikin ƙoshin lafiya da mutuncinki.

Ranar zaɓe wayata tana hannuna. Idan kin gama ki kira ni. Ba sai kin gaya mini wanda ya ci ba, ki ce mini kawai kin isa masauki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Lami